Kiwon Sammore a Legon

Babana ya yi kiwon shanu a Ashaiman.
Ni kuwa Lantana, autarsa,
abin da ya ƙarar da garken nake kiwo.

Da assalatu nake barin Nima,
kokon da na sha bai gama sauka ba
torotoro zai ajiye ni a Legon.
In zura farar riga, in sa safar hannu,
in buɗe akwatin ɗumi
wanda aka saita daidai da zafin jikin saniya,
in ce: kun kwana lafiya, 'yan sammore?

Ba sa amsawa sai na sunkuya kan madubi.
Ɗigon jini guda tsakanin gilashi biyu,
ga su nan, wutsil-wutsil,
kamar tarwaɗa a ragowar ruwan damina,
suna ture jajayen ƙwayoyi da bulalarsu.
Cizon tsando ɗaya ya shigar da su,
sai saniya ta rame tana tsaye a kan ciyawa.

Abincinsu ruwa ne mai launin zoɓo da aka tsinka,
da sukari, da gishiri, a kan awo.
In sun yi cunkoso, su mutu.
In na rage su fiye da kima, su yi fushi su ƙi haihuwa.
Ko jinjirin wata bakwai
ba a lallaɓa shi haka.

Ran tacewa, injin juyi ke fara aiki,
ya wulwula jinin har ya rabu gida uku:
ja a ƙasa, fatsi-fatsi a sama,
a tsakiya wani siririn fari kamar zaren lilo.
Nan ɓarayin ke laɓe.
In zuƙe su, in zuba a doguwar rariya ta farin gari,
jinin ya maƙale, su kuwa su sulale ƙasa,
ɗis, ɗis, tas da su.
Inna na rege shinkafa ta zubar da tsakuwa,
ni tsakuwar nake tarewa da hannu biyu.

Sai daskarewa.
A shayar da su gilisarin tukuna
don kada ƙanƙara ta farke musu ciki.
Ba a gaggawa: mataki ɗaya na sanyi kowane minti,
su kwana a firiza,
washegari a sauke su cikin tulun naitirojin
mai hayaƙi ba wuta.
Kwabena lamba kawai yake rubutawa a jikin kwalba.
Ni nakan ƙara da fensir, a gefe:
ta Hamma Juli ce, farar nan mai karyayyen ƙaho.

Wata Asabar aka ɗauke wuta,
janareto ya yi tari biyu ya yi shiru.
Kafin Litinin akwatin ɗumi ya huce,
madubi ya nuna mini fili ba motsi.
Na zauna a ƙasa na yi kuka.
Sai da na share ido na tuna wa nake yi wa makoki.

Tulu dai bai san an ɗauke wuta ba.
Na ciro kwalba mai shekara bakwai,
na tsoma a ruwan ɗumi, na ɗiga, na leƙa.
Ɗaya ya miƙe. Ya karkaɗa bulala.
Saniyar ta daɗe da zama ƙasa,
shi ko jiya-jiya ya kwanta.

Babana ya ce, ki zuba musu kalanzir mana, ki huta.
Na ce Baba, ba a ɗaure ɓarawon da ba a san fuskarsa ba,
maganin ma a jikinsu ake gwada shi.
Ya daɗe yana kallon igiyar shanu
da ke rataye a ƙusa har yau.
Ya ce, to, kada ki saba da su.

Ban gaya masa ina gaishe su ba.